Tafin Ƙafar Konadu

Shekara uku ke nan Konadu tana bin ƙauyuka tana duba koko. Aikinta shi ne ta soka ƙarfe a buhu, ta zaro ƙwaya, ta tsaga da wuƙa, ta ga ko ta bushe ko ta yi fumfuna, sannan ta buga hatimi. Ran Litinin take barin Kumasi, sai Juma'a take komawa, wani lokacin Asabar.

Tun da aka ce mata tana da ciwon sukari, jakarta ta ƙara nauyi. Akwai magani, akwai gorar ruwa, akwai kwanon dafaffiyar agada da miyar ganyen gwaza, wadda ba ta wuce Talata ba ta yi tsami ba. Akwai kuma ɗan madubi. Nas Dufie ce ta ba ta shi a asibiti.

"Ba na fuska ba ne," in ji nas ɗin. "Ƙafarki ta fara mutuwa daga ƙasa. Ƙaya za ta shige ki ba ki sani ba. Kullum kafin rana ta faɗi ki duba tafin. Kuma kar in ji kin taka ƙasa babu takalmi, ko a banɗaki ne."

Konadu ta ce to. Ba sai an yi mata dogon bayani ba. Mahaifiyarta ma mai ciwon sukari ce, kututture ne ya yanke ta a gona, ɗan ciwo bai fi ƙwayar gyaɗa ba, ta ɗaure da tsumma ta ci gaba da zuwa kasuwa. Bayan wata biyar aka yanke ƙafar daga gwiwa. Bayan shekara aka binne sauran.

Don haka duk abin da aka ce ta yi, tana yi. Da safe ta zagaya gidan da suka sauka sau ashirin. Ta sha magani. Ta ɗaure takalmi sau-ciki mai igiya a kan safa mai kauri. In an kawo mata sakwara a ƙauye ta ci loma uku ta yi godiya. Ba don tana so ba, ba kuma don tsoro ba. Tsoron ma ya daɗe da yin shiru, kamar ƙafar. Tana yi ne kamar yadda take buga hatimi, buhu bayan buhu.

Kawu Fosu, direban motar ofis, dattijo ne mai tumbi da ba ya barin ta ta huta.

"Madam Akuya, an gama kiwon ganyen? Ga miyar manja da naman daji, ke kina can kina tauna ciyawa."

"Kawu, ci abinka. Tumbin nan sai ya riga motar shiga Kumasi."

"Shi ke riƙe min sitiyari in ina gyangyaɗi."

Ran Laraba suka isa Domeabra, inda aka buɗe sabon ɗakin ajiya. Baƙo ba ya taɓa buhu a gari sai ya gai da sarki, don haka magatakardan wurin ya kai su gidan Nana Apau, sarkin garin. Rana tana tsaka. Nana yana zaune a inuwar baranda da dattawansa, baƙi kuma suna tsayawa a fili, a kan sabon daɓen siminti.

Kowa ya san yadda ake yi. Za ka zare ƙafa daga silifas, ka ɗora ta a kan silifas ɗin, ka tsaya. Ka cire takalmi, amma ba ka taka ƙasa ba. Haka Kawu Fosu ya yi, haka magatakarda ya yi. Konadu ta dubi nata takalmin. Mai igiya ba ya takuwa haka. Ta ga idanun dattawa a kanta, ta ji kunyar a ce 'yar birni ta zo gaban Nana da takalmi. Ta sunkuya ta kwance igiyar, ta cire har da safar, ta aje a gefe. Ta tuna maganar nas, amma kamar maganar da ake yi a wani gida can nesa.

Aka kawo ruwa. Aka tambayi abin da ke tafe da su. Mai magana da yawun sarki ya ɗauki amsar ya kai wa Nana, ya ɗauko ta Nana ya dawo musu da ita, ya ƙara mata gishiri. Nana ya yi maganar hanyar garin da ta lalace, ya yi ta maganin feshi da bai iso ba, ya kawo tarihin wanda ya fara dasa koko a garin. Magatakarda yana ta sharce gumi. Konadu tana tsaye ƙyam, tana kallon wata kaza da ta taka simintin ta yi sauri ta koma inuwa.

"Wannan 'ya an yi mata tarbiyya," in ji Nana a ƙarshe. "Ko motsi ba ta yi ba."

Ta mai da takalminta, ta je ta duba buhu saba'in. Huɗu ta mayar a ƙara shanyawa.

Da la'asar sakaliya, a barandar masauki, ta cire safa. Ta dama ta manne, sai da ta ja. Ta kara madubi. Tafin ya tashi fari, bororo biyu manya, ɗaya ya fashe, jan nama ya fito. Na hagu ya yi ja kawai. Ta danna wurin da yatsa. Kamar ta danna buhun koko.

Ta zauna tana kallo. Saura ƙauye uku, gobe biyu, jibi ɗaya. Manoma sun jera buhuna suna jiran hatimi, motar kwasa kuma ba ta ɗaukar buhun da ba a buga wa ba. Ciwon ba ya mata zafi. Za ta iya ɗaurewa ta ƙarasa, ba wanda zai sani. Har ta ɗauko hankici ta ninka shi. Sai ta ga yadda ya zauna a hannunta, ninki uku, irin na mahaifiyarta sak.

Kawu Fosu ya shigo da masara gasassa a hannu.

"Madam Akuya, yau kuma ƙafa ake wa kwalli..."

Ya tsaya. Ya matso ya duba. Ya aje masarar a kan dakali.

"A gidan Nana?"

"E."

"Ba ki ji ba?"

"Ban ji ba."

"Ni a kan silifas nake, amma sai da zafin ya ratso ni. Na ɗauka jarumta kike mana. 'Yata, me ya hana ki faɗa? Ko Nana ai yana da ƙafa. Da kujera za a kawo miki."

Ta warware hankicin ta mayar aljihun jaka.

"Kawu, awa nawa zuwa Kumasi?"

"Uku, in ruwa bai rufe gadar da ke hanya ba. Ƙauyukan fa?"

"Zan kira ofis su turo wani."

"Za su yi surutu."

"Su yi."

Bai bar ta ta taka ba. Ya matso da motar har bakin baranda, ya tura kujerar gaba baya, ya naɗe tawul ɗinsa ya sa mata a ƙarƙashin dunduniya.

Nas Dufie tana shirin tashi suka iso. Ta wanke ciwon, ta yanke matacciyar fatar, Konadu tana kallon almakashin kamar a ƙafar wata ake aiki.

"Yaushe ya faru?"

"Yau da rana."

Nas ɗin ta ɗago ta dube ta. "Yau. To. Da jibi kika zo da wata maganar muke yi. Sati uku ba za ki taka ba. In kin bi, ƙafarki taki ce."

Konadu ta jira ta ji wani abu, ko daɗi, ko kuka. Ba abin da ya zo. Ta gyaɗa kai.

A mota Kawu Fosu ya miƙo mata leda. Silifas ne na maza, masu kauri da faɗi, ya saya a bakin asibiti.

"Ki sa a jaka. In an je gaban sarki, ki cire wancan ki hau kan waɗannan, kamar 'yar mutane."

"Sun yi min yawa."

"Akuya ma ba a gwada mata kofato."

Ta buɗe jaka ta tura su kusa da madubin. Lokacin magani ya yi, ta zaro ƙwaya ɗaya ta haɗiye da sauran ruwan gorar.