Shaidar Tsakiyar Ganga

Da gwiwar hannu Dakta Tahani ta tura ƙofar ɗakin tururi, domin hannuwanta biyu suna riƙe da wani tsohon gwangwanin alewa. Abla Faukiyya ba ta ko ɗago kai ba. Tana tsaye a bakin tebur tana shirya ƙyallayen tiyata a cikin gangar ƙarfe, tana jera su zagaye-zagaye, kowane sahu sai ta danne shi da tafin hannu kafin ta ɗora na gaba.

A wannan ɗaki ake kashe ƙwayoyin cuta a jikin duk abin da zai shiga ɗakin tiyatar masu haihuwa. Shekara talatin da biyar ke nan Abla tana aiki a asibitin, ashirin daga ciki a gaban tukunyar tururi. Ko shugaban asibiti sai ya yi sallama yake shigo mata.

"Alewa kika kawo mini ta ban kwana?" in ji Abla.

Tahani ta ce ba alewa ba ce. Ta buɗe gwangwanin. A ciki akwai wasu 'yan dunƙule-dunƙulen yumɓu gasassu, kowanne bai fi girman dabino ba. Abla ta dube su ta gefen ido, ta ce ita dai ta san 'yar maginin tuluna ba za ta rabu da laka ba ko da an kai ta birnin Alƙahira an dawo da ita.

Maganar ban kwana ba wasa ba ce ƙwarai. Cikin mako uku, mata huɗu da aka yi wa tiyatar haihuwa ɗinkinsu ya yi ruwa, zazzaɓi ya kwantar da su. Allah ya sa babu wadda ta rasu, amma ɗaya sai da aka sake buɗe ta. Yau Lahadi, da ƙarfe biyu na rana, kwamitin bincike zai iso daga birnin Kena. Dakta Milad, shugaban asibitin, ya riga ya rubuta takardar da zai miƙa musu: a rufe ɗakin tiyata har sai an kawo sababbin tukwanen tururi. Kowa ya san abin da hakan yake nufi. Wata shida ne in an yi sa'a. A cikin watannin nan, duk macen da haihuwa ta zo mata da gardama a ƙauyukan gonakin rake sai an ɗauke ta tafiyar awa ɗaya da rabi zuwa Kena, a ƙetara gada, kafin a sami mai wuƙar tiyata.

Abin da ya ɗaure wa kowa kai shi ne ba a ga laifin komai ba. Tukwanen biyu ne, ɗaya ta lalace wata guda da ya wuce, amma mai gyara ya duba wadda ta rage ya ce lafiyarta lau. Agogon zafinta yana kaiwa digiri ɗari da ashirin da ɗaya, yadda ake so. Salatif ɗin da ake mannawa a bayan ganga yana yin baƙi kamar yadda ya kamata. Tahani kaɗai ce ba ta natsu ba. Kafin ta koma tiyata ta yi shekara biyu a ɗakin gwaje-gwaje tana rainon ƙwayoyin cuta a cikin faranta, kuma aikin ya bar mata ɗabi'ar rashin yarda da abin da ido ya gani a waje. Ranar Alhamis ta ɗauki ƙyalle biyu daga wata ganga da aka ce an gama da ita, ɗaya daga sama, ɗaya daga can tsakiya, ta goga kowanne a faranti. Jiya ta duba. Farantin sama fes. Na tsakiya kuwa ya yi ɗigo-ɗigo kamar an watsa masa gero.

Ba ta gaya wa Abla wannan ba. Roƙonta kawai ta yi ta bar ta ta sa uku daga cikin dunƙulen nan a ganga, ɗaya a sama, ɗaya a gefe, ɗaya a tsakiya.

"Ni za ki gwada, 'yata? Ni na yanke miki cibiya a ɗakin can na ƙarshe. Kina ta tsala ihu kamar an ƙwace miki gado."

"Ba ke zan gwada ba, Abla. Tururin zan gwada. So nake in san ko yana zuwa inda muka aike shi."

Abla ta ja tsaki, amma ta matsa gefe. Da Tahani ta zo cusa na tsakiyar, yatsunta suka kasa shiga tsakanin ƙyallayen. Sai da Abla ta ture hannunta, ta buɗa wurin da ƙarfi, ta tura shi da kanta. Tana yi tana faɗin cewa tun da tukunya ɗaya ta mutu, kayan ganga biyu take zubawa a ganga ɗaya, kuma ba a taɓa jiran kaya a ɗakin tiyata ko na minti ɗaya ba. A nuna mata wadda za ta iya haka a cikin yaran yanzu. Aka rufe ganga, aka sa a tukunya, Abla ta murɗa marfin.

Minti arba'in ake jira. Tahani ta fita baranda. A kan benci ta tarar da Sabrin, wadda aka sa wa ranar tiyata Alhamis mai zuwa saboda ɗan ya kwanta a gicciye. Mijinta ya kawo ta a babur mai ƙafa uku don sun ji raɗe-raɗin za a rufe. Sabrin ta kama gefen farar rigar Tahani ta ce ita ba ta san kowa a Kena ba, kuma hanyar nan ko lafiyayye sai ta girgiza masa hanji. Tahani ta ce mata ta zauna tukuna, kada su tafi sai bayan la'asar. Abin da ta iya faɗa ke nan.

A ofis, Dakta Milad ya zuba mata baƙin shayi a kofin gilashi ya tambaye ta mene ne wannan abu da ta shiga da shi ɗakin Abla. Ta yi masa bayani a hankali, kamar yadda take yi wa ɗalibai. Mahaifinta, Usta Abdurradi, in zai toya tuluna, ba ya yarda da jan wutar da yake gani a bakin matoya. Yakan ajiye wani ɗan guntun yumɓu a can tsakiyar jerin tulunan, wurin da wuta ke isa a ƙarshe, su magina suna kiransa shaida. In an zaro shi ya nuna, to sauran ma sun nuna. Ita kuma sai ta sa garin farar wuta a cikin 'yar siririyar kwalba, domin farar wuta ba ta narkewa sai zafi ya kusa kai wanda ake bukata. Matsalar ita ce ƙwayoyin cuta ba zafi kaɗai ke kashe su ba, sai zafin ya daɗe. Shi ya sa ta lulluɓe kwalbar da yumɓu, don ya jinkirta shigar zafi. Tsawon shekara guda mahaifinta yana gina mata ƙwanso iri-iri, mai kauri da marar kauri, tana gwadawa, har suka sami wanda garin cikinsa ba ya narkewa sai ya yi minti goma sha biyar a cikin cikakken tururi.

Dakta Milad ya yi murmushi ya ce sunan Usta ya kamata a rubuta a ƙofar ɗakin gwaji. Sannan ya dafa takardar da ke gabansa ya ce shi fa ba zai tsaya gaban kwamiti da laka a hannu ba, sai in lakar ta yi magana. Tahani ta ce to ya zo ya ji.

Suka tarar Abla ta fito da ganga, gangar tana huci. Salatif ya yi baƙi ƙirin. Abla ta nuna shi da haɓa. Tahani ta ciro dunƙulen sama da hantsaki, ta ɗora a tebur, ta ƙwanƙwasa shi da bayan almakashi. Yumɓun ya rabe biyu. Garin da ke cikin kwalbar ya narke ya dunƙule wuri ɗaya kamar ɗigon zuma. Na gefe ma haka. Abla ta naɗe hannuwa a ƙirji.

Na tsakiyar sai da aka kwashe sahu biyar kafin a kai gare shi. Tahani ta fasa. Garin yana nan gari, ruwan ɗorawa, yana zuba daga wannan gefen kwalba zuwa wancan kamar yadda ta ɗura shi.

Abla ta karɓi kwalbar, ta ɗaga ta saitin taga, ta girgiza. Sannan ta cusa hannu a tsakiyar gangar, ta daɗe ba ta fitar ba. Ta jawo kujera ta zauna, abin da ba wanda ya taɓa gani ta yi a lokacin aiki.

"Kamar mahshi na shirya su," in ji ta a hankali. Ta ce haka mahaifiyarta ta koya mata naɗa shinkafa a ganyen kabeji: a jera a tukunya a matse, a danne, har a kifa faranti a kai, don in an bar sarari sai su warware. Duk gidan biki a unguwarsu ita ake kira ta shirya tukunya. Da tukunyar tururi ɗaya ta mutu, hannunta ne kawai ya koma abin da ya sani. Sai ta tambayi sunayen matan nan huɗu, ko da yake ta san su. Tahani ta faɗa mata ɗaya bayan ɗaya.

Dakta Milad ya buɗe baki zai yi magana, Tahani ta riga shi. Ta ce mahaifinta ma, shekarar da aka yi masa odar tulu ɗari uku lokaci guda, ya cika matoya har ba masakar tsinke, na tsakiya duka suka fito ɗanyu, suka narke a ruwan farko. Tun daga ranar yake barin faɗin yatsa biyu tsakanin tulu da tulu. Ta dubi agogon bango. Ƙarfe ɗaya da kwata.

Abla ta miƙe. Ba ta nemi taimakon kowa ba. Ta zazzage gangar, ta ɗauko ta biyu daga kan kantar ajiya, ta raba kayan. Wannan karon a tsaye ta jera ƙyallayen, gefe da gefe, tana zura yatsa biyu a tsakani tana gwadawa. Sau biyu tafin hannunta ya tashi zai danna, ta mayar da shi. Ta zaɓi dunƙule ɗaya daga gwangwanin alewa ta ajiye a tsakiya, ya shige ba gardama.

Tukunya na cikin huci kwamitin ya iso, mutum uku, shugabarsu wata dattijuwa mai tabarau, Dakta Insaf. Dakta Milad bai kai su ofis ba, ya kawo su ɗakin tururi kai tsaye, takardarsa a naɗe a aljihu. Tahani ta nuna musu farantan nan biyu da kwalabe uku, ta faɗi abin da ya faru ba ƙari ba ragi. Da lokaci ya cika, Abla ce ta buɗe tukunya, ta ciro shaidar, ta karɓi almakashi daga hannun Tahani ta fasa da kanta. Garin ya narke.

Dakta Insaf ta juya kwalbar a tafin hannunta. Ta ce ita ba ta saba kafa hukunci da abin da ba a tantance ba, don haka ɗakin tiyata zai zauna a rufe kwana biyu. A goga ƙyallen tsakiyar wannan ganga a faranti. In ranar Talata bai tsirar da komai ba, a buɗe ranar Laraba. Ta ce za ta rubuta a gaggauta gyaran tukunya ta biyu, kuma tana so a ba ta dunƙule goma ta kai babban ɗakin gwaji a auna su da irin waɗanda kamfani ke yi. Da ta zo rubuta musabbabi, ta tsaya da alƙalami tana neman kalma.

"Rubuta Faukiyya ce ta matse kaya," in ji Abla. "Ki rubuta da kyau, don na sauran asibitoci su karanta. Ba ni kaɗai ce na iya mahshi a ƙasar nan ba."

Dattijuwar ta dube ta ta saman tabarau, ta rubuta cewa an cika ganga fiye da ƙima saboda tukunya ɗaya ce ke aiki, kuma ma'aikaciyar ɗakin ta gyara da hannunta.

Bayan la'asar Tahani ta sami Sabrin a kan bencin nan, ta ce mata ta je gida ta dawo da kayanta ranar Laraba da yamma. In Allah ya yarda a nan za ta haihu, in kuma faranti ya ce a'a, ita da kanta za ta raka ta Kena. Mijin ya shiga jero addu'a har sai da Sabrin ta ja masa hannun riga.

Da ta koma ɗaukar gwangwaninta, ta tarar Abla ta hau kan kujera tana ɗaura wani abu da zaren ɗinki a ƙusar da ke saman tukunya. Kwalbar nan ce da garinta bai narke ba. Tahani ta miƙa hannu za ta ɗauki gwangwanin, Abla ta ce ta bar shi nan, ai ya zama kayan ɗakin.

"Ki gaya wa Usta ina son ɗari biyu kafin ƙarshen wata," in ji ta tana saukowa. "Kuma ki ce masa bakinsu a karkace yake. In zai yi wa asibiti aiki, ya yi mai kyau."

Ta wanke hannu, ta gyara ɗankwalinta, ta tambayi Tahani a wane gado aka kwantar da matar da aka sake buɗewa. Tahani ta ce gado na shida. Abla ta fita ta nufi can.