Ɓerayen Maƙwabta

Ɓeran ya maƙale a kusurwar keji, gashinsa a jiƙe, cikinsa na bugawa. Malam ya tsaya a bayan gilashin ƙofa yana kallon Auta yana karkata kejin, yana zuba ruwa a kan garin katakon da suke kwanciya. Aikin ke nan a wannan ɗakin bincike: a hana ɓeraye sukuni na tsawon makonni, a ga abin da hantarsu za ta yi. Hanta rumbu ce. Idan tsoro ya zo sai ta buɗe, ta zuba sukari cikin jini don a sami ƙarfin gudu. To, idan tsoron ya ƙi wucewa fa?

Malam ne ya fara yin wannan tambaya, tun Auta yana ɗalibinsa, bai ma iya ɗaga ɓera ba tare da ya sha cizo ba. Amma da Farfesa, shugabar ɗakin binciken, ta zo rabon aiki, Auta ta ba ɓerayen takura. Malam ta bar masa waɗanda ba a yi musu komai sai ci da sha, don a gwada su da na Auta.

"Kai ne mai haƙuri," in ji ta. "Waɗannan ba abin da suke so sai a ƙyale su."

Abin da kunnensa ya ji shi ne: ka tsufa.

A gida ma matarsa ta gano shi.

"Baban yara, abincin ne ba daɗi, ko Auta ka gani a cikin kwanon?"

"Ina ruwana da shi?"

"Ni ma abin da na ce ke nan. Tun da ka shigo ba ka tambayi yara ba, amma na san launin sabon takalminsa."

Ɗakin ɓerayen Malam yana can ƙarshen baranda, shiru kamar maƙabarta. Daga can ba ya ganin mai shiga wurin Auta. Sai ya ce na'urar sanyaya ɗakin tana ɗiga, ya turo katakon kejinsa zuwa ɗan ɗakin da ke manne da na Auta, wanda ƙofa mai raga a ƙasa ce kawai ta raba su. Ba wanda ya tambaye shi. Ya san dokar raba rukunin ɓerayen biyu sarai, domin shi ya koya wa Auta ita. Sani bai hana shi ba.

Nan ya riƙa wuni. Yana jin dariyar Farfesa, yana jin "madalla" ɗinta, kowace tana sauka masa a ƙirji. Ɓerayensa ma suna ji: kukan 'yan uwansu, da warin fitsarin tsoro da ke biyo raga.

Ranar awo, Auta ya riƙa ɗigo jini daga bakin wutsiya yana sa wa na'ura. Na takura sukarinsu ya hau, kamar yadda aka zata. Da aka zo kan na Malam, su ma ya hau, kusan kai ɗaya.

"Idan babu bambanci, babu aiki," in ji Farfesa. "Ba abin da za mu rubuta."

Fuskar Auta ta sauya. Wani sanyi ya ratsa zuciyar Malam, bai kuma ji kunyarsa ba.

"Malam, yaushe aka dawo da su nan?" Auta ya tambaya a ladabce.

"An kwana biyu. Can ruwa ke ɗiga."

Auta ya durƙusa a bakin ragar, ya shaƙi iska, ya daɗe bai miƙe ba.

"Ranki ya daɗe, waɗannan ba wanda ya taɓa su. Ji kawai suke yi, suna shaƙa. Halin da maƙwabtansu ke ciki ne ya buɗe musu hanta."

Farfesa ta cire tabarau.

"Ka san abin da ka faɗa kuwa? Wannan ya fi abin da muka fito nema. Za mu sake gwadawa, kai za ka rubuta." Ta juyo. "Malam, da niyya ka matso da su?"

Idan ya ce e, za ta tambayi abin da ya hana shi faɗa tun farko.

"Ɗigar ruwa ce."

"To, Allah ya yi wa ɗigar nan albarka."

"Zan sa sunanka a cikin godiya, Malam," in ji Auta, kuma har zuciyarsa ya faɗa. Wannan ya fi komai ciwo.

Da la'asar Malam ya mayar da kejin ƙarshen baranda. Daɓen ɗakin a bushe yake ƙayau. Ya rufe ƙofa, shiru ya dawo, amma ɓerayen ba su kwanta ba. Sun taru a gefen da ke fuskantar ɗakin Auta, kunnuwa a miƙe. Shi ma ya tsaya tare da su.