Hannu Biyu a Ka

Shekara ashirin da biyu Ittichiri tana rawar Mohini a gidan Tamburan, mai gonakin shinkafar da suka kewaye ƙauyen, ba a taɓa yin biki an kira wata ba. Kwatsam, da aka haifa masa magaji, sai ya aiko wai ranar bikin al'adarsu na ɗaura wa jariri zare a ƙugu, Chiru yake so ta yi rawa, ita Ittichiri ta zauna gefe ta huta.

Ta huta! Chiru fa 'yar ƙanwarta ce, marainiya, ita ta goya ta, ita ta riƙa murza mata ƙafafu da man kwakwa har suka yi laushi. Yau ita za ta ɗaura farin zane mai bakin zinariya, a bar Ittichiri da cin goro da ganye a bayan makaɗa? Kishi ya kama ta, na gaske, irin wanda ba ya barin mutum cin abinci.

A gidansu ba a koyar da rawa da baki. Babba ta tsaya gaba, ƙarama a baya, abin da ta gani shi za ta yi, ba tambaya. Labari ɗaya kawai ake ba yarinya, na asalin rawar. Wai wani ƙaton dodo ne ya samu baiwa, duk wanda ya ɗora wa hannu a ka sai ya zama toka. Sai abin bautarsu Wishnu ya rikiɗa ya zama mace, Mohini. Dodo ya gan ta, yawu ya tsinke masa, ya ce aure. Ta ce to, amma sai ya yi rawa irin tata. Ta karkaɗa ƙugu, ya karkaɗa. Ta juya ido, ya juya. Ta ɗora hannu a kanta, wawan ya ɗora a nasa. Toka. Chiru kan yi dariya har da hawaye duk sanda aka zo nan.

Saura kwana uku biki, Ittichiri ta kira ta bayan ɗaki.

"Zo in ba ki rufin rawar, wanda ban taɓa nuna wa kowa ba."

Ta zare furen da ke kanta, ta warware gashi, ta ɗora hannu biyu a ka.

Chiru ta yi turus. "Inna, ai wannan na makoki ne. A gidan haihuwa?"

"Ji min yarinya! Jiya-jiya nake share miki majina, yau ke za ki koya min rawa? Manyan gidaje shi suke jira. Yi in gani."

Ta yi. Ta yi shi da kyau ma, abin haushi.

Ranar biki da hantsi tsakar gida ta cika maƙil, an shimfiɗa ganyen ayaba na zuba abinci, uwar jariri na rungume da shi a kan dakali. Chiru ta yi rawa kamar ba ƙashi a jikinta, har Tamburan ya manta da goron da ke bakinsa. Da kiɗa ya zo ƙarshe, ta tsaya daidai gaban jaririn, ta saki gashi, ta ɗora hannu biyu a ka, tana murmushi.

Uwar ta ƙwalla ƙara ta kife a kan ɗanta. Tamburan ya miƙe tsaye.

"Wa ya koya mata wannan mugun fata?"

Ittichiri ta zube ƙasa. "Ranka ya daɗe, ni ma yau na fara gani. Yaran yanzu ba sa jin magana."

Chiru ta juyo ta dube ta. Aka kira wanzami ya aske gashin Chiru tas a gaban jama'a, aka ce kafin rana ta faɗi ta ƙetare kogi, kada a sake ganin ƙafarta a ƙasar Tamburan.

Ittichiri ta bi ta har bakin kwalekwale. Yarinyar ta tsaya, jini na tsattsafowa inda aska ta zame.

"Inna, duk sanda kike ba ni labarin nan, na ɗauka ni ce Mohini."

Ittichiri ta kau da kai, ta miƙa hannu.

"Kwance akayau ɗin nan na ƙafarki, nawa ne."