Cokali Ɗaya a Gidan Budimir

Ƙaurin sukari ne ya fara tsallako shinge, hayaƙi ya biyo baya. Stamena tana shanya a tsakar gidanta, ta tsaya cak da jiƙaƙƙen zanen gado a hannu, tana jin ludayi yana kartar gindin tukunya a gidan maƙwabcinta Budimir. Shekara tara rabonta da gidan nan, kuma yau ma ba ta tashi da niyyar shiga ba. Amma akwai abin da mace mai shekara saba'in ba za ta iya jurewa ba, wato a juya slatko, 'ya'yan itacen da ake dafawa da sukari, da ludayi kamar ana tuƙa tuwon masara.

"Kai tsoho! Cire ludayin nan!"

Sai kartar ta ci gaba, har da ƙarin ƙarfi.

Ta jefa zanen cikin baho, ta bi ta ɓarakar shinge, ƙaya tana fizgar mata siket. Ta iske shi a gindin bishiya, gaban murhun ƙarfe, hannuwansa duk karce, bakinsa baƙi ƙirin da ruwan kupina, waɗannan baƙaƙen 'ya'yan ƙaya da ke nuna a watan Agusta. Ya rame fiye da yadda take hangowa daga taga. Wandonsa ma da igiya ya ɗaure shi.

"Maƙwabciya, ɓatan hanya kika yi?"

"Hancina ne ya kawo ni. Mene ne wannan? Kwalta za ka zuba wa titi?"

"Slatko ne, na bikin gida."

Ta leƙa tukunyar, ta kama baki. Slatko dai kowa ya san ƙa'idarsa: kowane ɗan itace ya fito daga wuta da siffarsa, yana iyo cikin ruwan sukari garau. Shi ake fara miƙa wa duk baƙon da ya shigo gida, a kan tire, da kofin ruwan sanyi. Na Budimir kuwa ya dame ya zama taɓo.

Asalin rigimarsu ma a kan tiren nan ne. Shingen kupinan da ya raba gidajen biyu, Stamena da Leposava, matar Budimir, suka shekara talatin suna tsinkarsa tare, ɗaya ta nan, ɗaya ta can, suna gulmar mazajensu ta tsakanin ƙaya. Da Leposava ta rasu, ko kwana arba'in ba a yi ba Budimir ya ɗauki gatari ya sare shingen har ƙasa, bai ce wa kowa komai ba. A Disambar shekarar, ranar Waliyyi Nikola, wadda ita ce ranar bikin gidansu tun kakanni, Stamena ta je kamar kullum. Ya miƙo mata tire da slatkon kanti. Ta dubi tiren, ta dube shi, ta ce ta ƙoshi, a gaban limamin coci da baƙi goma sha biyu. A ƙauyen nan gara ka mari mutum da ka ƙi cokalinsa. Ta sani sarai, shi ya sa ma ta yi.

Kupina dai ba ta san fushi ba, ta sake tofowa har ta fi da yawa. Mutanen biyu ne suka kafe.

"Zubar da wannan, aladu ma sai sun yi shawara kafin su ci. Akwai sauran 'ya'yan?"

"Rabin bokiti."

"Kawo. Ka kuma zauna, kafin iska ta kwashe ka."

Ta zaɓi masu ƙwari, ta dafa sukari da ruwa har ya fara zare, sannan ta zuba su a hankali. Ta kama kunnuwan tukunyar da tsumma tana girgizawa.

"Ka gani? Girgizawa ake yi, ba a sa ludayi. Shekara arba'in kana zaune kusa da Leposava, me kake kallo?"

"Ita nake kallo," in ji shi.

Stamena ta kwashe kumfa, ta matsa lemon tsami, ta ɗiga ɗigo ɗaya a kan faranti mai sanyi, ɗigon ya tsaya bai gudu ba. Sai dai da yake tukunyar ɗaya ce, ɗan ƙaurin farko bai fita duka ba. Ta rufe ta da jiƙaƙƙen ƙyalle, ta ce kada ya taɓa sai gobe.

"Ban iya kallon shingen ba ne, Stamena. Kullum na fito sai in ga kamar ɗankwalinta a tsakanin ganye."

"Da ka faɗa."

"Da kin tambaya."

Washegari suka cika kwalba huɗu. Ya jera su a kan kabad, ƙarƙashin hoton waliyyin, inda Leposava take ajiye nata. Dokarta ce, ba a buɗe na biki sai ranar biki.

"Za ki zo?" ya tambaya, yana gyara kwalbar da ba ta karkace ba.

"In ka miƙo da hannunka, zan duba."

"Likita ya ce da wuya in ga dusar ƙanƙarar bana."

"Likitan da ya ce wa mijina zai kai ɗari? Rabu da shi."

Ta faɗa ne da wasa, amma da ta koma gida ta zauna a bakin gado. Ta lissafa, saura wata huɗu. Tsoro ya kama ta, kada mutumin nan ya tafi da ƙin da ta yi masa.

Daga ranar ta mayar da ɓarakar shinge hanya. Miyar wake yau, gasasshen tattasai gobe. Ta shiga, ta yi shara, ta yi masa faɗa a kan safa, ta fita. Ko ruwa ba ta sha a gidan, shi ma bai yi mata tayi ba. Su biyun sun san abin da suke jira, kuma dukansu masu taurin kai ne, sai an yi shi yadda ake yi.

A watan Oktoba ya daina fita tsakar gida. A tsakiyar Nuwamba ya daina sauka daga gado. Ɗansa Slavisha, wanda ke aiki a Austriya, yana bugo waya kullum, ya ce ya sami hutu daga goma ga Disamba.

Wata Talata da hantsi Stamena ta kawo romo, ya kasa shan ko cokali uku. Ta ga yadda hancinsa ya yi tsini, irin yadda na mijinta ya yi a makonsa na ƙarshe. Ta ajiye kwanon, ta jawo kujera, ta hau, ta sauko da kwalba ɗaya.

"Ke! Ajiye. Saura kwana talatin da uku."

"A kalandar wa?"

"Leposava za ta..."

"Leposava ƙawata ce kafin ta zama matarka. Ni zan yi mata bayani."

Ta ɗauko tiren daga bayan kabad, ta goge ƙurarsa, ta shimfiɗa masa farin ƙyalle mai saƙa. Ta buɗe kwalbar, ta ɗora, ta sa kofin ruwa daga rijiya da ƙaramin cokali. Ta tayar da shi zaune da matasai biyu, ta ɗora masa tiren a cinya, ta kama hannuwansa ta riƙa masa gefe da gefe.

"Riƙe da kyau. In ka zubar, ba ruwana."

Sai ta fita waje, ta ja ƙofa. Ta warware ɗankwalinta ta sake ɗaurawa, ta kakkaɓe gaban riga, ta goge takalmi a kan tabarmar ƙofa. Sannan ta ƙwanƙwasa.

Muryarsa ta fito daga ciki. "Wane ne?"

"Baƙuwa ce."

"Shigo."

"Barka da biki, maigida. Allah ya maimaita mana."

"Sannu da zuwa, maƙwabciya. Ga shi, ɗan taɓa," in ji shi, yana ɗaga tiren daga cinyarsa, tazarar da ba ta fi faɗin yatsa ba. Kofin yana rawa, ruwan yana taɓa baki.

Ta ɗebi cokali ɗaya, 'ya'ya uku a ciki, kowane da siffarsa. Ta sa a baki, ta kora da ruwa, ta tsoma cokalin cikin kofin kamar yadda baƙo ke yi.

"Yaya?"

"Da ɗan ƙauri."

"Naki ne ko nawa?"

"Naka mana. Ni ban taɓa ƙona slatko ba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ta karɓe tiren, ta juya masa baya ta daɗe tana wanke kofi ɗaya, don hawaye sun hana ta gani.

Ranar Juma'a da safe ta shigo da shayi, ta iske ya cika, fuskarsa tana kallon taga. Ta kunna masa kyandir, ta rufe madubi, sannan ta buga wa Slavisha. Dusar ƙanƙara ta fara sauka bayan kwana shida.

Slavisha bai bar bikin ya faɗi ba. Ranar sha tara ga Disamba ya kunna kyandir ɗin bikin gidan a karon farko da hannunsa, aka yi kifi da wake, ba kiɗa, ba hayaniya. Matarsa Biljana ce ta zaga da tire. Da ta iso gaban Stamena sai ta sunkuyo ta yi ƙasa da murya.

"Inna, ki yi haƙuri, wannan kwalbar a buɗe muka same ta. Kamar wani ya taɓa."

"Baƙuwa ce ta riga ku zuwa, 'yata."

Ta ɗebi cokali ɗaya, ta sha ruwa, ta tsoma cokalin a kofi. Ruwan ya ɗan yi ja a hankali daga ƙasa. Ta taga ana hango shingen, ƙanƙara ta lulluɓe shi duka, ban da ɓarakar nan ta tsakiya.