Bel Ɗin Motar Alhaji Nagoda

Sitiyarin ya ƙage a hannun Kailani daidai lokacin da ya karyo kwanar kasuwar Tudun Wada. Ya murɗa, ya ƙi. Doguwar motar nan ƙirar Amurka ta yi kan rumfar wani mai rake kamar saniyar da ta tsinke igiya. Da ƙyar birki ya kama, saura taku biyu.

"To," in ji Alhaji Nagoda daga kujerar baya, yana gyara zaman hularsa. "Sau uku ke nan cikin kwana takwas."

Kailani direba ya gane inda maganar ta dosa. Jiya-jiya Alhaji ya faɗa a gaban mutane cewa in bel ɗin da ke juya famfon sitiyarin nan ya sake zamewa, direba ya ajiye makulli. Makullin mota kuwa shi ne makullin ɗakin da yake zaune a gidan Alhaji, shi da matarsa Larai, ga ta da tsohon ciki.

Ya waiwayo ya ce, "Alhaji, alfarma ɗaya. Mu lallaɓa garejin Ezekiyel. In ya ce hannuna ne, ni da kaina zan miƙa."

Ezekiyel mutumin Wusasa ne, tsohon bakaniken reluwe. A shekarar nan da Arewa ta samu mulkin kai, ba kowa ke yarda ya taɓa motar da sitiyarinta ke aiki da famfon mai ba, sai irinsa. Da suka isa ya ɗaga bonet, masu zaman kashe wando suka taru. Ga bel can ya saki jiki kamar saɓar maciji.

Ya dubi Kailani. "Kana murɗe sitiyari har ƙarshe mota na tsaye, don 'yan mata su gani?"

"Baba, ni da nake da iyali?"

"Ka shafa masa mai don ya daina kuka?"

"Ko ɗigo."

Ezekiyel ya bi bel ɗin da babban yatsa. "Gefe ɗaya ya cinye, ɗayan sabo fil. Direba ba ya cin bel ta gefe ɗaya." Ya zaro zare daga aljihu, ya ɗame shi daga faifan injin da bel ke hawa zuwa faifan famfo, ya kanne ido ɗaya. Maimakon zaren ya kwanta a kan faifan biyu, sai ya bar tazarar da ɗan yatsa zai shiga.

"Famfon nan kallon gefe yake, kamar wanda ya yi kiciɓis da surukinsa. Wani abu ya tokare shi."

Ya kwance noti, ya zura hannu bayan ƙarfen da ke riƙe da famfon. Sai ya janye a hankali, ya goge yatsunsa a wando.

"Wannan kuma ba aikin sifana ba ne. Kailani, zo da kanka."

Kailani ya leƙa. Laya ce, ɗinkin jar fata, an cusa ta tsakanin ƙarfe da injin an ɗaure noti a kanta, har ta baje. Ya san ta sarai. Kwana tara da suka wuce ya gan ta a hannun Alhaji, ranar da ya karɓi makulli ya ce zai duba wani abu shi kaɗai. Kuma duk Tudun Wada an san da gyaran keke Alhaji ya fara neman abinci, sifana ba baƙuwarsa ba ce.

"Wane mai hikimar ne ya yi wannan?" wani ya tambaya, aka kwashe da dariya.

Kailani ya dubi ubangidansa. Dattijon ya ƙura wa takalminsa ido, gumi na bin gefen hularsa. Kalma ɗaya za ta wanke Kailani, ita ce kuma za ta mai da Alhaji abin hira daga nan har unguwar Kwangila.

"Ni na sa," in ji Kailani. "Tsoron bakin mutane nake yi wa motar."

Dariya ta koma kansa. Ezekiyel bai yi ba. Ya bari Kailani ya zare layar, sannan ya daidaita famfo, ya mai da zare har ya kwanta lif, ya sa sabon bel ya ɗame. Aka ta da injin. Sitiyari ya juya da yatsa biyu.

Da suka shiga mota Kailani ya miƙa makulli baya. Alhaji bai karɓa ba.

"Kai da ko tayar keke ba ka iya kwancewa," ya ce ƙasa-ƙasa. "Riƙe abinka. Ka gaya wa Larai ragon suna nawa ne."

Kailani na shirin sa giya sai sanda ta ƙwanƙwasa bonet. Wani dogon tsoho ne da bai taɓa gani ba, da gafaka a kafaɗa, idonsa a kan jar layar da Kailani ya ajiye a gaban mota.

"Nagoda," in ji shi, ba sallama, ba Alhaji. "Da na ba ka layar nan na ce maka ranar da ta bar jikin ƙarfen, kada motar ta motsa. Wa ya cire ta?"