Laccar Ɗanliti a Gonata

Shekara huɗu kafin Turawa su tafi, dagaci ya sa aka yi shela a kasuwar ƙauyenmu, gabas da Minjibir. Wai 'yan hamayya ba su san girman na gaba ba, don haka an hana su lacca. Duk wanda ya ba su fili, gonarsa ta tafi.

Gonata kakana ya sare ta. Ba mai faɗa mini wanda zai taka ta.

Sai na kira gayya. Maza arba'in suka zo da fartanyu, Talle makaɗi ya zo da gangar noma. Cikinsu har da Ɗanliti tela, mai yi wa 'yan hamayya lacca, wanda bai taɓa kai kunya ɗaya ƙarshe ba.

Na ce masa, "Faɗi abin da ya kawo ka, amma a duƙe. Ka miƙe, ya zama taro."

Ya duƙa, yana sara yana ɗaga murya. "Sun ce zaɓe ya zo! Wane irin zaɓe ne dogari ke tsaye yana kallon layin da ka bi?"

"Gaya musu, tela!"

"Sun ce ba mu da tarbiyya! Wa ya nome gandun hakimi bara, ko fura babu?"

"Mu ne!"

Ganga ta ɗauka, fartanyu na sauka tare. Wani ya ce, "Tela, gero kake sarewa, ga ciyawa can!" Dariya ta ɓarke.

Sai ga Sammani, ɗan aiken dagaci, a kan keke. Ganga ta yi shiru. Na ji gonar tana fita daga hannuna.

Ya ce, "Baba Nababa, me ake yi a nan?"

"Ido gare ka."

A garinmu namiji ba ya wuce gayya bai kama kunya ba. In ya wuce, ranar tasa shi kaɗai zai noma. Gayyar Sammani kuwa saura mako guda. Na miƙa masa fartanya.

Ya dubi hanya, ya dubi jama'a. Sai Talle ya kaɗa taken uban Sammani, tsohon sarkin noma. Sammani ya jefar da keke, ya tuɓe riga, ya faɗa gona. Gayya ta kaure da ihu. Ya wuce kowa, Ɗanliti na can baya yana haki yana lacca.

Da la'asar Sammani ya je gaban dagaci da ƙasa har gwiwa. Ya ce noma ya gani. In lacca ce, ai da shi aka yi.

Ba wanda ya ƙara zancen gonata. Inda Ɗanliti ya bi kuwa, ni na sake nomewa washegari.