Cek Ukun Gwaggo Lesieli

Ku yi mini afuwa, ban taɓa rubuta labari ba, karanta na wasu kawai na iya.

Gwaggo Lesieli, yayar Baba, ita ta rubuta cek ukun. A gabana, kan teburin kicinmu a garin Logan na Ostireliya, daga littafin cek na Baba wanda aka rufe asusunsa tuntuni. Na aladu ne da hayar zaure da motocin amarya, don bikin 'yarta. Da 'yan sanda suka zo, Baba ya ce shi ne. Ɗan ƙasar Tonga irin Baba ba ya barin a kira sunan 'yar'uwarsa a kotu yana numfashi.

Alƙali ya ba shi wata goma sha biyu a kurkuku. Ashe wata goma sha biyu ya isa a soke izinin zaman mutum. Baba ya zo Ostireliya yana ɗan shekara huɗu, bai taɓa neman zama ɗan ƙasa ba. Gwaggo kuwa tana da fasfonta na Ostireliya, ita ba mai korarta.

Ranar Lahadi bayan coci dangi suka taru a garejinmu. Gwaggo a kan kujera, kowa a tabarma. Mama ta ce, kanta a sunkuye, "Yaya, lauya ya ce in wanda ya rubuta ya fito ya faɗa, ƙila a dakatar da jirgin Alhamis da zai mayar da shi Tonga."

Gwaggo ta ci gaba da ɓare rogo. "Tonga wuta ce? Ya je ya noma doya, tumbin nan ya ragu."

Aka yi dariya, har da masu kuka ɗazu.

"Ko yaren bai iya sosai ba, Yaya."

"Ya koya. Shekara arba'in wa ya riƙe masa hannu bai cike takarda ba? Lalaci ne, tun yana yaro."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. "Gwaggo, ni na ga..."

"Kin ga me, mai ido huɗu?" Ta dube ni tana murmushi. "Ubanki ya rantse gaban alƙali shi ne. Maƙaryaci kike kiransa? Faɗa da ƙarfi kowa ya ji."

Na kalli Mama. Mama na kallon tabarma. Na ce ban ga komai ba.

"Yawwa, 'yar albarka. Motarsa fa? Kada ta ruɓe a ajiye. A ba surukina makullin."

Mama ta tashi ɗauko makulli. Ana ta gardamar ko tayoyin za su kai ƙarshen shekara, na ɗauki takalmana a hannu na zare jiki ta ƙofar baya.